Abin da Wasa Yake Tunawa

Masu buga wasannin kwamfuta irin waɗanda ake shiga rigar wani jarumi sun daɗe da rabuwa gida biyu, kuma har yau ba a yi sulhu ba. Gida na farko na masu son labari ne. Su a wurinsu wasa bai cika wasa ba sai an ba su mutanen da za su zanta da su, da asirin da za su tona, da zaɓin da zai bar musu nauyi a zuciya. Gida na biyu na masu son faɗa ne, waɗanda ke ganin duk wani dogon zance shinge ne da aka gitta tsakaninsu da abin da ya kawo su, wato gwada ƙarfi da dabara da abokin gaba. Na zauna a gidajen nan biyu shekaru da dama, na ci tuwon kowanne, kuma ina da wanda na fi so. Amma kafin in faɗi zaɓina ya kamata in ba kowane gida haƙƙinsa, domin gardamar ta wuce a ce wane yana son karatu, wane ba ya so.

Rabuwar ta gado ce. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir da 'ya'yan ludo masu fuskoki iri-iri, har da mai fuska 20. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labarin, shi ne bakin duniyar baki ɗaya: ya ce ga kogo, ga ƙofa, ga dodo a bayanta. Sauran kuma kowa ya ɗauki mutum guda, mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo, ya faɗi abin da zai aikata. Wasan ya tsiro ne daga wasannin yaƙi da ake jera ƙananan mutum-mutumin sojoji a kan tebur, shi kansa Gygax yana cikin waɗanda suka tsara ɗaya daga cikinsu, Chainmail, a 1971. Tun ran gini tun ran zane: jini biyu ke gudana a jikin wannan wasa, na lissafin yaƙi da na ba da labari.

Da aka shigar da shi cikin kwamfuta, sai jinin farko ya rinjayi na biyu, domin kwamfuta gwana ce wajen ƙidaya, kurma ce wajen hira. Wasannin farko kamar Rogue na 1980 da Wizardry na 1981 kusan duk abin da ke cikinsu gangarawa ce cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa. Ka kashe dodo, a ba ka makin gogewa. Maki ya taru, ka hau mataki. Ƙarfinka ya ƙaru, ka nemi dodon da ya fi na baya. Wannan kewayen shi ne ƙashin bayan irin waɗannan wasanni har gobe. Cikin waɗanda suka fara girgiza shi sosai akwai Richard Garriott, da Ultima IV a 1985. A wasansa babu wani mugun sarki da za a kashe a ƙarshe. Abin da ake nema shi ne mutum ya cika wasu halaye takwas, cikinsu har da gaskiya da tausayi da adalci da tawali'u. Akwai makafin mata da ke sayar da kayan haɗa sihiri. Za ka iya biyan su ƙasa da kuɗin kayansu, ba za su gani ba. Wasan kuwa yana gani, ya rubuta, ya rage maka ma'aunin gaskiya ba tare da ya ce maka uffan ba. A nan ne nake ganin tsagar ta fara buɗewa: wani wasan yana ƙidaya abin da ka kashe, wani kuma yana tuna abin da ka aikata.

Misalin da ya fi fito da bambancin fili, a ganina, wasanni biyu ne da suka fito daga tsatso guda. Kamfanin Black Isle na Amurka ya saki Planescape: Torment a watan Disambar 1999, ya kuma saki Icewind Dale a watan Yunin 2000. Injin da aka gina su a kai ɗaya ne, wanda kamfanin BioWare na Kanada ya ƙera don Baldur's Gate na 1998. Dokokin lissafinsu ɗaya ne, na Dungeons & Dragons. In ka hango su daga nesa a fuskar kwamfuta, sai ka rantse wa da ƙane ne: ƙananan mutane ana kallon su daga sama, ana tura su da linzamin kwamfuta. Amma halinsu ya sha bamban kamar na 'yan uba. Ɗalibin adabin Hausa ba zai yi mamakin haka ba, tun da gasa guda ta 1933 ce ta haifi Gandoki na Bello Kagara, inda jarumi ke ratsa rundunoni da takobi, ta kuma haifi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda abin bibiya shi ne yadda rayuwa ta gina mutum.

Ni na san su ne shekaru da yawa bayan fitowarsu, a kan wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu wadda ba ta iya ɗaukar sababbin wasanni. Talaucin na'ura ya zame mini gata, don ya tilasta mini komawa ga tsofaffin. Mu biyu muke raba ta da ƙanena, kuma in an ɗauke wuta batirinta ba ya kai sa'a biyu. Saboda haka tambayar wane wasa ya fi ba ta fatar baki ba ce a ɗakinmu. Amsarta ce ke yanke wanda zai sha ragowar cajin daren.

Torment yana buɗewa ne da mutum kwance a ɗakin ajiye gawa, jikinsa duk tabo, bai san sunansa ba. Wani ƙoƙon kai mai shawagi a iska, mai shegen surutu, shi ke karanta masa rubutun da aka tsaga a gadon bayansa, wanda ke umartar sa ya nemo littafin ajiyar bayanansa da wani mutum da zai taimake shi. Daga nan ya fita cikin Sigil, birnin ƙofofi, inda kowace kafa ko taga za ta iya jefa mutum wata duniyar in yana riƙe da mabuɗin da ya dace. A hankali mai wasa ke gane cewa wannan marar suna ba ya mutuwa. In an kashe shi sai ya sake farkawa, kuma a baya ya yi rayuwa iri-iri da ya manta: ya taɓa zama mai kirki, ya taɓa zama mahaukaci, ya taɓa zama mugu mai sanyin lissafi. An ƙiyasta rubutun da ke cikin wasan ya kai kalmomi kusan 800,000, akasarinsu a ƙarƙashin jagorancin Chris Avellone. Makin da ake samu ta hanyar hira da tuno abin da ya wuce ya fi wanda ake samu ta hanyar sara, kuma hikima ta fi ƙarfin damtse amfani. Faɗan da ya zama tilas a cikinsa bai taka kara ya karya ba.

Icewind Dale kuwa ba ya tambayar ka ko kai wane ne. Kai za ka ƙirƙiri mutanenka, har shida, ka ba kowa sana'arsa da makaminsa, kuma ba za su taɓa yin gardama da juna ko su ba ka tarihin iyayensu ba. Ayari ya tashi daga wani ƙauyen masunta a ƙasar ƙanƙara zuwa Kuldahar, garin da ke fake a ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya mai ba da ɗumi. Daga nan sai kogo bayan kogo, makabarta bayan hasumiya. Labarin yana nan, amma aikinsa na ɗan jagora ne: ya kai ka bakin ƙofa, ya ce bismilla, ya koma.

Ƙanena ya gwada Torment na rabin sa'a ya ture kwamfutar. Ya ce, “Yaya, wannan ai ba wasa ba ne, jarrabawar Turanci ce. Ni da na gudo daga karatu, ka sake kawo ni aji?” Na yi dariya, amma maganarsa tana da ƙashi. Wasan labari yana da mai gadi a bakin ƙofa, mai gadin kuwa harshe ne. Turancin Torment ba na makaranta ba ne. Cike yake da karin maganar 'yan tasha na tsohuwar Ingila, wanda ni kaina sai da ƙamus a gefe na ratsa shi. Wanda Turancinsa bai nuna ba, an rufe masa kashi tara cikin goma na daɗin wasan. Faɗa kuwa ba shi da yare. Yaro a Kano da yaro a Seoul duka sun san ma'anar jan layin rai da ke raguwa. Wannan alheri ne na gaske, kuma duk mai fifita labari da bai yarda da shi ba, bai zauna kusa da wanda aka bari a waje ba.

Akwai wani alherin da ya fi wannan zurfi. Na sha zama ina kallon ƙanena a kogon da ake kira Dragon's Eye, inda wasu ƙattin dodanni ke sake miƙewa bayan an kayar da su, sai fa in an ƙarasa su da wuta ko ruwan guba mai ci. Sau biyar ana karkashe masa mutane a ɗaki guda. Bai zagi kowa ba. A karo na shida ya ja da baya zuwa wata ƙuntatacciyar hanya, ya tsayar da mayaƙa biyu masu sulke suka toshe ta, ya ajiye maharba a baya, ya sa matsafinsa ya watsa saƙar gizo-gizo da ta ɗaure ƙafafun dodannin, sannan ya jefa musu dunƙulen wuta. Yana yi yana tsayar da wasan da maɓalli guda, ya duba, ya ba kowa umarni, ya sake. Da ya gama ya juyo yana haki kamar wanda ya fito daga fagen dambe. Abin da ya samu a daren nan nasa ne, halak malak. Ba wani marubuci da ya ajiye masa wannan dabarar a cikin jerin zaɓi. Washegari na ji yana ba abokansa labarin, da farko da tsakiya da ƙarshe, har da kirarin maharbinsa da ya rage da numfashi guda.

A nan ne nake ganin ba daidai ba ne a ce wasan faɗa ba shi da labari. Yana da shi, lokacin haihuwarsa ne ya bambanta. A wasan labari, marubuci ya riga ka. Ya shuka, kai girbi ka zo yi. A wasan faɗa, labarin yana zuwa ne bayan an tashi, a bakin wanda ya buga, kamar yadda maharbi ke dawowa daga daji da nama da kuma zance. Irin wannan wasa ɗan'uwan dara ne: dokoki kaɗan, hanyoyi ba iyaka, kuma ba ya ƙarya. In ka faɗi, kai ka faɗi. Yana koyar da haƙuri ta hanyar da littafi ba zai iya ba, domin littafi ba ya hana ka shafi na gaba don ba ka ƙware a na baya ba.

Sai dai gidan faɗa yana da ɗakin da nake tsoro. Diablo, wanda kamfanin Blizzard ya fitar wajen ƙarshen 1996, ya ɗauki tsohon tsarin Rogue na ramukan da ke sauya fasali duk lokacin da aka shiga, ya cire jiran bi da bi, ya mayar da komai danna-danna. Hawa 16 ne a ƙarƙashin wata majami'a a garin Tristram. Diablo II, wanda ya fito a wata guda da Icewind Dale, ya kai abin maƙura. Kowane dodo da ya faɗi yana iya zubar da ganima, kuma launin sunanta ke nuna darajarta: fari, shuɗi, rawaya, kore, ruwan zinariya. Ba ka san abin da zai faɗo ba sai ka kashe. Na buga shi watanni, kuma na san daɗinsa. Amma na lura da irin daɗin: na mai jiran sa'a ne, dangin na ɗan caca. Nakan kashe shugaban dodanni guda sau talatin a dare, ba don yana ba ni wahala ba, sai don ko zai yar da wani zobe. In asuba ta yi in tambayi kaina abin da ya faru a daren, sai in tarar lambobi kawai suka ƙaru. Dubban da na kashe ba wanda ke da suna a raina. Kowannensu jaka ce da ake farkewa a ga abin da ke ciki.

Torment ya ɗauki wannan abin da sauran wasanni suka mayar ruwan sha, wato mutuwa marar sakamako, ya mai da shi tushen baƙin cikinsa. Can cikin wasan ake sanar da kai cewa duk lokacin da marar suna ya mutu ya tashi, wani ne a wani wuri ya mutu a madadinsa, kuma inuwoyin da ke farautar ka tun farko su ne waɗannan mutanen. Na tuna sau nawa na bar shi ya mutu da gangan don in gajarce tafiya, tun da dai farkawa zai yi a wurin da nake son zuwa. Wasan ya ba ni dama, ya yi shiru, sannan ya kawo mini takardar bashi. Haka kuma akwai fatalwar wata mata, Deionarra, da ke kiran ka masoyinta tun a ɗakin gawa. Daga baya za ka taɓa wani dutse da ke adana abin da mutum ya ji, ka shiga cikin zuciyarta a ranar da take sauraron alkawuransa, sannan ka shiga cikin tasa zuciyar a wannan lokacin, ka ji yadda yake auna kowace kalma don ya yi amfani da ita ya kai ta ga halaka. Ban zaɓi wannan cin amana ba, tun kafin in fara wasan aka yi shi. Amma rigarsa ce a jikina. Na rufe kwamfutar a daren da sauran caji, na miƙa wa ƙanena, ya dube ni ya ce, “Yaya, lafiya?”

Ban san wani littafi da ya taɓa sa ni jin kunya irin wannan ba, kuma ba don littattafai sun gaza ba ne. Mai karatu ɗan kallo ne, ko da ya yi kuka. Mai wasa kuwa da hannunsa a ciki. Wannan shi ne abin da wasan labari ya ƙara wa adabi, kuma dalilin da ya sa nake ganin ya cancanci ɗaliban adabi su dube shi da idon basira.

Duk da haka gidan labari ma yana da tasa ɓarakar. 'Yancin da yake ba ka na ɗan akuya ne a turke: igiyar tana da tsawo, amma wani ya auna ta. Duk amsar da za ka bayar an riga an rubuta ta, an kuma rubuta abin da zai biyo baya. In sakamakon bai yi maka daɗi ba, kana iya komawa inda ka adana wasan ka sake zaɓe, abin da rayuwa ba ta yarda da shi. Wasu wasannin kuma suna labta zance don a ce suna da zurfi, alhali ko ka ce e ko ka ce a'a hanya ɗaya za ka bi. Shi kansa Torment, in faɗa ya zama dole a kashinsa na ƙarshe, sai ka ga gurguntakarsa. Ƙanena ya yi gaskiya da ya ce mayaƙansa kamar masu dambe a cikin rijiya suke. Kuma in ka gama shi sau ɗaya, asirin ya tonu, zagaye na biyu ba zai kai na farko ba. Kogon Dragon's Eye kuwa yana nan sabo duk ranar da ka koma da wata tawagar.

Abin da ke ceton wasan labari shi ne lokacin da magana ta zama makami na gaske, mai buƙatar shiri kamar yadda takobi ke buƙatar wasawa. A Fallout na 1997, babban abokin gaba wani halitta ne da ke son mayar da ragowar 'yan Adam wasu ƙattin mutane, don a cewarsa ta haka ne kawai za a daina yaƙi. Za ka iya yaƙar sa da bindiga. Amma in ka yi yawo ka samo sakamakon binciken da wata masaniya ta yi a kan gawar ɗaya daga cikin ƙattin, za ka iya nuna masa hujjar cewa ba sa haihuwa, don haka shirinsa ba shi da gobe. Ya saurara, ya gane irin ta'asar da ya yi a banza, ya hallaka kansa. Wannan nasara ba kyauta ba ce. Sai wanda ya tambaya, ya karanta, ya riƙe. Mu da muka tashi da Magana Jari Ce mun san wannan tun muna yara. Aku bai da mashi, amma dare bayan dare ya riƙe Musa ɗan sarki da labari har gari ya waye, ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri. Abubakar Imam ya riga masu kwamfuta sanin cewa harshe ma fagen fama ne.

Wasu 'yan Estoniya, a ƙarƙashin marubuci Robert Kurvitz, sun kai wannan ra'ayin ƙarshensa a 2019 da Disco Elysium. Ɗan sandan bincike ne ya farka bayan maye ya manta ko shi wane ne, ga kuma gawa rataye a bishiya a bayan masaukinsa. Babu tsarin faɗa irin wanda aka saba. Abin da kake da shi ƙwarewa 24 ce, kowacce murya ce a cikin kanka: hankali yana magana, tsoro yana magana, kwaɗayi yana magana, wani lokaci su ba ka shawarar banza da cikakken tabbaci. Kujera marar daɗi da shugaban ƙungiyar ma'aikatan tashar jirgin ruwa ya zaunar da kai a kai tana iya rage maka lafiya kamar sarar takobi. Sun ɗauki ludon Gygax da lissafinsa, suka juya su ciki, suka mayar da zuciyar mutum ramin da ake gangarawa.

Daga ɗaya ɓangaren ma an yi tattaki zuwa tsakiya, kuma a can na sami abin da ya daidaita mini ma'auni. Dark Souls, na kamfanin FromSoftware na Japan a 2011, wasan faɗa ne tsantsa, mai tsanani, mai rowar magana. A cikinsa akwai wani ƙaton kyarkeci, Sif, da ke gadin kabarin ubangidansa da takobi a baki. Dole ka kashe shi kafin ka wuce. In ransa ya kusa ƙarewa sai ya fara ɗingishi, yana kai sara yana tangaɗi, bai kuwa gudu ba. A ƙarin da aka yi wa wasan a 2012, za ka iya komawa zamanin da ka cece shi yana ɗan ƙarami. In ka yi haka kafin ku haɗu a kabarin, sai ya danne ka, ya shinshina, ya gane ka, ya ɗaga kai ya yi kuka, sannan ya ɗauki takobin, don amanar da aka bar masa ta fi ƙarfin sabo. Ba a furta kalma ko ɗaya ba. Ƙanena, wanda ya ce ba ya son labari, ya buga wannan a kwamfutar abokinsa, ya dawo gida ya ce mini, “Wallahi Yaya, da da wata hanyar da na bi.”

Saboda haka ma'aunina ba yawan rubutu ba ne, ba kuma yawan jini ba. Tambayar da nake yi wa kowane wasa ita ce: me kake tunawa game da ni? Akwai wanda ba ya tuna komai sai nauyin takobina da yawan zinariyata. Akwai wanda ke tuna makauniyar da na cuta, da kyarkecin da na ceta, da matar da aka yaudara da bakina. Na farkon yana sa ni ƙwarewa, ina kuma gode masa, kamar yadda nake gode wa duk abin da ya koya mini faɗuwa da tashi. Na biyun yana sa ni zama wani, ya kuma tilasta mini duban wanda na zama. In cajin dare ɗaya ya rage, na biyun zan ba, kuma mafi yawan irinsa a gidan labari suke zaune, ko da yake Sif ya nuna cewa ba su kaɗai ke da shi ba.

A tsakiyar Torment akwai wata tsohuwar mayya, Ravel, wadda ta raba marar suna da mutuwarsa tun farko. Tana da tambaya guda da ta hallaka mutane da yawa a kanta, game da abin da ke iya sauya halin mutum. Wasan ya jera maka amsoshi: ƙauna, ƙiyayya, mulki, nadama, tsufa, ko kuma babu. Hausawa sun riga sun ba da tasu, sun ce hali zanen dutse. Na daɗe ina kallon jerin nan, domin na gane ba neman amsar da ke ba da maki nake yi ba, neman wadda na yarda da ita nake yi. Ita ma mayyar ashe ba wata amsa take jira ba illa tasa. Na zaɓi nadama. A ƙarshen tafiya, bayan ya fuskanci mutuwar tasa, wadda za a iya shawo kanta da magana ba tare da an zare makami ba, marar suna bai samu sarauta ko dukiya ba. Ya karɓi hukuncin abin da ya aikata a rayuwar da bai ma tuna ba, ya ɗauki makami daga ƙasa, ya nufi wani yaƙi da ba ya ƙarewa. Wasan da ya fi kowanne gudun faɗa ya rufe da mutum yana tafiya fagen fama, kuma a karo na farko cikin duk shekarun da na yi ina kashe dodanni, na san dalilin da ya sa jarumina zai ɗaga hannu.